Murhun gwangwani mai cin ƙirare: shawarwarin waɗanda suka ƙera

Bakin masu ƙera wannan murhu ya zo ɗaya a kan gwangwani biyu: babba irin na madarar gari, da ƙarami irin na tumatir wanda zai shige cikinsa ya bar tazarar kusan santimita 1 a kewaye. Gwangwanin lemo ba ya yi, domin alminiyom ne, wuta na lanƙwasa shi.

A cika gwangwanin da yashi kafin a huda da ƙusa, don kada ya lotse. Babban a yi masa huji 8 zuwa 10 masu faɗin santimita 1 kewaye da gindi. Ƙaramin a huhhuda gindinsa kamar rariya, sannan a jera ƙananan huji santimita 2 ƙasa da bakinsa. Waɗannan na saman su ne sirrin aikin: iskar da ta yi zafi tsakanin gwangwanayen tana fitowa ta nan ta cinye hayaƙin. Shi ya sa dole a yanke murfin babban daidai wuyan ƙaramin, ya kama gam; in akwai kafa, iskar za ta zurare.

Ana jera busassun ƙirare masu kaurin yatsa, kada su rufe hujin sama, a kunna daga sama. In tukunya ta zauna daɓas a baki, wuta za ta shaƙe. A ɗaga ta santimita 3 da ƙafafun ƙarfe.

Kunnawar farko a yi ta ba abinci, fenti ya ƙone. Kuma kada a kuskura a kunna shi cikin ɗaki ko tanti, iskar da yake fitarwa tana kisa.