Neman kalma: me za mu kira "porting" da Hausa?

Hadiza: Assalamu alaikum. Gobe da safe zan naɗi shirin kimiyya da fasaha, kuma akwai labarin Debian 13, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, da ta fito a Agustan 2025, wadda a karon farko ta karɓi RISC-V mai bit 64 (wani nau'in firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta) a hukumance. Kalmar "porting" ce ta tsaya mini a wuya. Na'urar fassara ta ba ni "tashar jiragen ruwa". Ku agaza kafin dare.

Auwal: Ƙaura. An ƙaurar da Debian zuwa RISC-V. Shi ke nan.

Injiniya Sabo: Wa alaikumus salam. Auwal, wanda ya yi ƙaura kango yake bari a baya, nan kuwa ba a barin komai. Linus Torvalds ya fara Linux, manhajar da aka gina Debian a kanta, a 1991 don firosesar Intel 386 kaɗai. Da aka kai ta kan firosesar Alpha ta kamfanin DEC a tsakiyar shekarun 1990, ba ta bar Intel ba, gida biyu ta yi. Malama Hadiza, ga yadda aikin yake, don ki san abin da kike nema wa suna. Kowace firosesa tana da umarnonin da take ji. Mafi yawan Linux da harshen C aka rubuta ta, wannan ba a taɓa shi sosai, wata manhaja da ake kira kamfaila ce ke juya shi zuwa umarnonin firosesa. To amma sai an fara koya wa kamfailar fitar da umarnonin sabuwar firosesa, a kan wata kwamfuta daban, tunda sabuwar ba ta tashi ba tukuna. Sannan a rubuta ɓangaren da ke taɓa ƙarfen kai tsaye: yadda za ta tashi idan an kunna, yadda za ta raba ma'ajiya shafi-shafi, yadda za ta amsa idan wata na'ura ta katse ta, yadda za ta sauka daga wani aiki ta hau wani. Duk wannan yana cikin jakar da ake kira arch. Galibi a kan QEMU, manhajar da ke kwaikwayon firosesa, ake fara gwaji kafin na'urar gaske ta zo hannu.

Bilkisu: To ai fassara ce ke nan, ko juyi.

Injiniya Sabo: Juyin aikin kamfaila ne. Idan muka ba "porting" wannan suna, me za mu kira nata?

Malam Ɗanlami: Kafin a je ko'ina: firosesa, kamfaila, bit. Hausa ake yi ko me? Shekara biyu ina cewa masarrafi, ba mai saurare. Kalmar da kuke nema kuma tana nan, naƙali. Asalin "port" daga Latin ne, ma'anarsa ɗauka, haka ma asalin naƙali a Larabci. An naƙalto Debian zuwa masarrafin RISC-V. Ga ma'ana, ga kwarjini.

Bilkisu: Ranka ya daɗe, Bahaushe in ya ce ya naƙalci abu, ya iya shi ne ciki da bai. Mai sauraro zai ɗauka haddace Debian aka yi.

Auwal: Kuma Malam, naƙali ma ai aro ce. Me ya sa aron Larabci ya zama ɗan gida, na Turanci ya zama bare?

Malam Ɗanlami: Wanda ya shekara ɗaruruwa a gida ba a kiransa baƙo. Ku dai kunya kuke ji a ce ba ku waye ba.

Auwal: Da kwamfuta kake rubuto mana wannan, ko da na'ura mai ƙwaƙwalwa?

Malam Ɗanlami: Da na'ura mai ƙwaƙwalwa, yaro. Kuma tun da aka taɓo, Malama, kada ki ce "manhajar kyauta". 'Yanci ake nufi: ka karanta, ka gyara, ka raba. Ba don wannan 'yancin ba, wa zai iya kai ta kan wani masarrafi ba da izinin mai ita ba?

Hadiza: Wannan na karɓa, Malam, na gode. Amma har an yi la'asar, jama'a.

Bilkisu: Dashe fa? An dasa Debian a kan RISC-V. Mutane sun saba da dashen ƙoda, sun san sai jiki ya karɓa.

Auwal: Matsalar ƙaura ta dawo. Abin da aka dasa ai cire shi aka yi daga wani wuri.

Bilkisu: Ba kullum ba. In ka yanki reshe ka dasa, uwar tana nan tsaye.

Injiniya Sabo: Ni dai ya kwanta mini, don kalmar ta zo da 'yan rakiyarta. Ranar da allo ya fara nuna rubutu sai mu ce dashe ya kama. RISC-V an fara ta a jami'ar Berkeley a 2010, amma sai a Linux 4.15, farkon 2018, dashenta ya shiga uwar manhajar, Debian kuma sai da ta ƙara shekara bakwai, saboda dubban manhajojinta kowace sai ta ginu a kan sabuwar ƙasar. Wanda aka daina yi wa ban ruwa kuma bushewa yake: firosesar Itanium an tuge ta a Linux 6.7, ita kanta 386 da aka fara da ita an cire ta tun 3.8 a 2013.

Malam Ɗanlami: Maganar manoma a ɗakin kimiyya. To. Ya fi "fotin" da na tabbata Auwal na ɓoye a aljihu. Amma a rubuta cewa ban janye naƙali ba.

Hadiza: An rubuta. Ga jimlar: "An dasa babbar manhajar Debian a kan firosesa ƙirar RISC-V." Ƙira ta yi a madadin "architecture"?

Injiniya Sabo: Ta yi na gobe, amma ina da ja. Kamfanoni daban-daban na ƙera RISC-V, kowa da ƙirarsa, jerin umarnonin ne ɗaya. Da zubi kika ce.

Malam Ɗanlami: Masarrafi, Malama. Ko sau ɗaya ne, ki faɗe shi a iska.

Hadiza: Sau ɗaya, Malam, a farkon shiri. Zubi da ƙira kuma ku ci gaba, ni na tafi rubutu.