Wai sai dogo ne ke cin tseren kwale-kwale?

Dogon Fagge: Jama'a, na zauna na kalli tseren kwale-kwale na Olamfik, na gano abu ɗaya: wasan dogaye ne. Mai dogon hannu shi ke kai filafili can gaba, ya kamo ruwa mai yawa a tuƙi ɗaya. Ga Sebastian Brendel na Jamus, ya haura mita 1.9, ya ci zinare a tseren mita 1000 a 2012, ya sake a 2016. Gajere ya haƙura kawai.

Ɗan Yauri: Yaya Dogo, kai da ko gulbi ba ka taɓa ƙetarawa ba! Zo Rigata, bikin tseren jiragen ruwa na Yauri, ka gani. Wanda ya dogara da hannu, kafin ya kai tsakiyar ruwa kafaɗarsa ta mutu. Da ƙugu ake tuƙi, ka murɗa jiki, ƙafa ta tokare jirgi. Hannu ɗan aike ne.

Maman Hanan: Ƙanena ya yi gaskiya. Lisa Carrington ta New Zealand ba ta kai mita 1.7 ba, amma zinarenta na Olamfik 8 ne. Mita 200 ƙasa da sakan 40 take cinye shi.

Dogon Fagge: Hajiya, ai ita a zaune take, filafilinta mai baki biyu. Ni ina maganar masu durƙusawa a gwiwa ɗaya, suna tuƙi ta gefe guda.

Maman Hanan: To, mu je can ɗin. Isaquias Queiroz na Brazil bai kai Brendel tsawo ba, kuma ƙodarsa ɗaya, tun yana yaro ya faɗo daga bishiya aka cire ɗayar. A Olamfik ɗin Rio na 2016 Brendel ya riga shi, na yarda. A Olamfik ɗin Tokyo kuwa shi ya ɗau zinaren mita 1000 ɗin. Tseren minti huɗu ne, Malam, huhu yake ci.

Baba Alhaji: Ku bar Dogo da rabin gaskiyarsa, tsawo na taimakawa. Amma jirgin nan siriri ne kamar ɓawon gyaɗa. Wanda bai iya daidaita jikinsa a kai ba, ruwa zai sha tun kafin a busa usur.

Dogon Fagge: Baba, rabin ma na karɓa.

Ɗan Yauri: Sauran rabin yana bakin ruwa, Yaya. Jirgina na nan a ɗaure, ka taho da kayan canji.