Yaro na bin ɗiyar yayata ko'ina, an ce sai ya taɓa ta sannan doka ta shiga. Haka ne?

Inna_Birni:

Salamu alaikum ƴan uwa. Don Allah masu sanin doka ku taimaka mini, abin ya ishe mu. Ɗiyar yayata shekarunta 15, tana kolej, a wurina take zaune. Akwai wani yaro bai wuce 16 ba, tun kafin azumi yake bin ta. Ta fito lakwal yana bakin ƙofa bisa moto, ta je ɗibar ruwa yana nan, an aike ta Kasuwar Dole ta waiwaya ta gan shi a baya. Mun canza mata nimero ya samo sabuwar, da dare ya yi ta kira in ta ɗauka ba ya magana sai dai ta ji numfashinshi, ranar nan kuma hoton ƙofar gidanmu ya aiko mata wanda ya ɗauka cikin dare, har ana ganin takalmanta da ta bari a zaure. Yarinyar nan yanzu ko bayan gida ba ta zuwa ita kaɗai in magariba ta yi, kuma ta fara cewa ita ta bar lakwal ɗin ma.

Mun je gidansu, uwar ta ce ƙuruciya ce, so ne kawai. Mai unguwa ya kira shi ya rantse ya bari, ba a yi sati ba ya koma. Abin da ya fi tada mini hankali, maƙwabta sun ce ya taɓa yi wa wata ƙaramar yarinya abin da bai dace ba aka rufe maganar a gida. Wani ya ce mini ko na kai ƙara tambayar farko ita ce ya buge ta? ya taɓa ta? in babu to babu. Shin akwai takardar da alƙali ke bayarwa ya hana mutum kusantar wani? Kuma tunda yaro ne, me doka ke iya mishi?

Dan_Zango:

Wa alaikumus salam Hajiya. Kar ki bari maganar mutumin nan ta hana ki zuwa. Gaskiya ne dokar laifuffukanmu a nan Nijar ta 1961 ce, kuma gyaran da aka yi mata a 2003 da ya shigo da laifin matsa wa mutum don neman lalata, sharaɗinshi sai an yi amfani da umarni ko barazana ko tilas. Hukuncin ma kaɗan ne, wata 3 zuwa 6 da tarar jika 10 zuwa jika 100. To wanda ke tsayuwa ƙofar gida ya yi shiru yana kallo, ayar nan ba ta kama shi kai tsaye, nan ne giɓin yake. Amma naku ya wuce tsayuwa. Hoton ƙofar gida cikin dare ana iya kallonshi a matsayin barazana, kuma akwai dokar 2019 ta laifin da ake yi ta waya da intanet.

Ki yi haka: kar a goge komi a wayar, ki ɗauki hoton kowane saƙo da lokacin kira, ki samu kaye ki riƙa rubuta rana da wuri da wanda ya gani. Ki je komisariya ki ce sashen da ke kula da yara kike nema, in ba ki gamsu ba ki rubuta ƙara ki kai jastis wurin mai gabatar da ƙara, kina da wannan haƙƙin. In kuɗin lauya ne matsala akwai ANAJJ, hukumar da ke taimakon marasa hali a shari'a.

Maganar shekaru kuma, ƙasa da 13 ne ba a hukuntawa. Daga 13 zuwa 18 alƙalin yara ke duba su, dokar 2014 ce ta tsara aikinshi bayan ta 1999. Yana iya damƙa yaro hannun iyaye da sharaɗi, ya sa ma'aikatan walwala su riƙa bibiyarshi, ko ya kai shi kaso in laifin babba ne sai dai hukuncin bai kai na babban mutum ba.

Abba_Karkada:

Ni dai wallahi wannan lallaɓawar ce ke kashe mu. 16 yaro ne? ya iya tuƙa moto ya iya neman nimero amma in an zo hukunci sai a ce yaro. A Najeriya tun 2015 dokarsu ta hana cin zarafin mutane, wato VAPP, ta sa bibiyar mutum laifi ne mai zaman kanshi har ɗaurin shekara 2, kuma a 2019 suka buɗe rajistar masu fyaɗe. Mu ma a yi haka, a sa suna da hoto kowa ya gani, babba ko yaro. Hajiya ki sa hotonshi a Facebook yau ɗin nan ki gani in zai sake.

Malama_GarinMalam:

Abba ɗan uwana na fahimci zafinka, amma Hajiya don girman Allah kar ki sa hoton nan. Ranar da hotonshi ya fita sunan ɗiyarki ne zai fi yawo, kin san garin nan, gobe a ce ai ita ta ba shi fuska. Kuma danginshi na iya juyowa su kai ki ƙara da dokar 2019 ɗin nan da Malam ya ambata.

Maganar rajista ga yara kuma an gwada a Amurka. Dokarsu ta 2006 ta ce yaro daga shekara 14 in an same shi da babban laifin lalata a sa shi a rajista, wasu jihohin ma suna sa waɗanda ba su kai haka ba. Me ya biyo baya? yaro ya girma ba makarantar da za ta karɓe shi cikin sauƙi, ba mai ba shi hayar ɗaki, ba aiki, iyaye su yi ta ƙaura. Kuma binciken da suka yi da kansu ya nuna mafi yawan yaran nan ba su sake irin laifin in sun girma. A 2014 kotun ƙolin jihar Fensilbeniya ta ce sa yaro a rajista har mutuwarshi ya saɓa wa tsarin mulki. Ka kawo wannan nan Damagaram, yaron da aka liƙa wa suna aka kore shi daga lakwal aka hana shi koyon sana'a, ina zai je in ba fale ba, matattarar ƴan daba? Can kuwa ba wanda zai ce mishi bari.

Amma ni abin da ya fi ci mini rai a labarin nan ba rajista ba ne, waccan ƙaramar yarinyar ce da aka rufe maganarta a gida. In gaskiya ne, nan aka yi ɓarnar. Na sha ganin irin zaman nan, manya su taru a zaure a kawo goro a ce a rufa wa juna asiri, a yi fatiha a tashi, yarinyar tana cikin ɗaki ba wanda ya kai ta likita ba wanda ya tambaye ta ko tana barci, yaron kuma abin da ya koya shi ne in ka yi baba zai je ya ba da haƙuri. Da alƙalin yara ya gan shi tun lokacin, da an binciki me ke damunshi, wa yake bi, me yake kallo a waya, ko shi ma wani ya taɓa yi mishi, don hakan na faruwa fiye da yadda muke son yarda. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abin da nake so a gyara shi ne alƙali da ƴan sanda su riƙe bayanin yaro a sirrance, in ya sake su san ba farau ba ne, in ya yi shekaru bai sake ba a share. Kuma a hana sasanta fyaɗen yara a zaure kwata-kwata.

Badamagare_a_Liyon:

Hajiya, takardar hana kusantar mutum da kike tambaya akwai ta nan Faransa tun 2010, kuma tun ƙarshen 2019 aka ce alƙali ya yanke cikin kwana 6. Sai dai an gina ta ne kan rikicin miji da mata ko saurayi da budurwa ko waɗanda suka rabu, da auren dole. Wadda ta fi dacewa da naku ta Ingila ce da ta fara aiki a 2020: ƴan sanda ne ke zuwa kotu su nema ba yarinyar ba, ba sai an samu mutum da laifi ba tukuna, alƙali ya ce kar ka kira ta kar ka bi ta layinsu, har yana iya tilasta mishi zuwa ganin likitan ƙwaƙwalwa, in ya karya umarnin shi kanshi laifi ne da ke kai shekara 5. Ko Amurka sai da aka kashe wata ƴar fim a ƙofar gidanta a 1989 sannan Kalifoniya ta yi dokar farko a 1990. Bai kamata mu jira gawa ba mu ma. Kuma in za a yi a Nijar a yi ta yadda mace za ta iya kai kukanta da baki da Hausa, kyauta, don in sai da takardar Faransanci da tambur to matan unguwar Kara-Kara ba su gan ta ba.

Inna_Birni:

Allah ya saka muku da alheri. Abba ba zan sa hoto ba, Malama ta faɗi abin da nake tsoro. Na sa ƙanena ya kwashe saƙonnin duka, kuma shi zai riƙa kai ta lakwal yana ɗauko ta. Litinin in sha Allah zan je komisariya. Malam Dan_Zango tambaya ɗaya ta rage, ni ba uwarta ba ce, yayata tana Mirriya, za su karɓi ƙarar daga hannuna ko sai ta zo da kanta? Kuma maganar waccan ƙaramar yarinyar, in faɗa musu ko in fara zuwa wurin uwarta tukuna?