Hutun damina a Maraɗi: ina za a kai yara, kuma da wane shiri?

Baban Nana, Ali Ɗan Sofo:

Assalamu alaikum ƴan uwa. An rufe lakwal, sai watan Oktoba za a koma. Yarana huɗu ne: namiji mai shekara 11, mata biyu masu shekara 8 da 5, sai auta mai shekara 2. Da safe suna zuwa makarantar allo, amma daga hantsi zuwa magariba babu abin yi sai rigima kan waya, babban kuma ya fara bin abokai bakin kududdufi. Ba ni da mota, kuma abin da zan iya warewa bai wuce jika 10 a wata ba. Ina ne ya dace a kai su a nan kusa, me ake riƙewa, kuma me ya kamata in kiyaye? Allah ya saka da alheri.

Mushen Bagalam:

Wa alaikumus salam Baban Nana. Kada ka sa a ranka cewa fita ce za ta cika wata uku. Fita biyu a wata ta wadatar, sauran kwanakin a gida da unguwa za a yi su. Kuma tunda hutun namu a damina yake faɗowa, sama ce ke yanke lokacin tafiya. Hadari daga gabas yake haɗowa, kuma ya fi tasowa daga la'asar zuwa dare. Ku bar gida da ƙarfe 7 na safe, ku juyo kafin ƙarfe 2. In an kwana ana ruwa, a ɗaga tafiyar da kwana ɗaya ko biyu, don da zarar an sauka daga kwalta hanya caɓi ce, koramu kuma suna kawo ruwan da aka yi a wani gari ko da nan rana ake.

Wurin da na fi ba da shawara shi ne tafkin Madarunfa, kudu da gari, bai kai kilomita 30 ba. A watan Agusta yana cike, za su ga masunta da komarsu, su ga tarwaɗa da karfasa ana fitowa da su, ga shamuwa da belbela. A kewayen tafkin ne kaburburan waliyyai 99 da ake zuwa ziyara suke. Wannan ba wurin guje-guje ba ne, a nemi mutumin gari ya raka ku, a faɗa wa yara tun daga gida cewa za su rage murya. Jiratawa ma ta wannan ɓangaren take, can za su ga lambunan zogale da magudanan ban ruwa, amma kada a haɗa biyun rana ɗaya da ɗan shekara 2.

Batun abin hawa shi ne inda iyaye suka fi kuskure. Kada a loda yara huɗu a kan kabu-kabu don a rage kuɗi. Salansa tana ƙona ƙaurin yaro, dugadugin ƙaramin kuma yana shiga wayar taya ta baya, raunin da ke daɗewa bai warke ba. Ka shiga motar tasha, ko ku haɗa kuɗi da maƙwabci ku ɗauki shatar mota zuwa da dawowa. A gama ciniki tun a gida, a ba direba rabi, sauran sai ya sauke ku a ƙofa, in ba haka ba zai iya samun wani lodi ya bar ku da jira har hadari ya taso. Cikin gari adaidaita ta isa, manya a gefe, ƙanana a tsakiya. Ka riƙe katinka na ɗan ƙasa saboda shingen jami'an tsaro, ka kuma rubuta lambar wayarka a takarda ka sa wa kowane yaro a aljihu. Ƙauyukan da ke kusa da iyaka ta kudu maso yamma suna fama da ɓarayin daji, don haka kada a zarce can da yara, kuma kada yamma ta yi muku a hanya.

Guzuri: a ƙalla lita ɗaya da rabi na ruwan gida ga kowane yaro, tabarma, buta, sabulu, babbar leda ta rufe kaya, da kayan canji na auta. Abinci a ɗauki wanda ke jure zafi, irin su burodi, dafaffen ƙwai da ɓawonsa, ƙuli-ƙuli, dabino, dambun da aka yi da asuba. In za a tafi da fura, a tafi da ƙwallonta a dama a can, wadda aka dama tun safe tsami take yi kafin azahar.

Hajiya Maman Halima, Zariya:

Sannu Mushe, bayaninka ya yi. Ni aikin jinya nake, kuma maganar kududdufin nan ce ta fi tsaya mini a rai, don ita ce ta fi gaggawa a kan kowace fita.

Yawancin kududdufan bayan gari ramuka ne da aka haƙi ƙasar gini. Bakinsu ba gangare ba ne, taku biyu ruwa na gwiwa, na uku ya shanye babba, ƙasan kuma laka ce mai riƙe ƙafa. Yaron da ke nutsewa ba ya ihu, bakinsa na ƙoƙarin shaƙar iska ne kawai, abokansa sai su ɗauka wasa yake. In ɗaya ya yi tsalle don ceto, sau da yawa su biyun ake rasawa. A koya wa babban cewa ba a shiga, ana miƙa sanda ko igiya ne daga tudu, ana kiran manya. A gida ma, bahon wanki da ruwa a ciki ya isa ya halaka ɗan shekara 2, a riƙa kifewa da an gama.

Sai tsargiya. Ƙwayar cutar tana girma a jikin ƙananan katantanwa na ruwan da ke kwance, ta fito ta huda fata ta shiga. Ba sai an sha ruwan ba, tsayawa a ciki zuwa idon sawu ma ya isa. Bayan wata biyu ko uku sai a ga jini a ƙarshen fitsari, lokacin an manta da wankan tafki. Wasu na cewa alamar girma ce ga ɗa namiji, wannan ba gaskiya ba ne, cuta ce, kuma in ta daɗe tana lalata mafitsara. Maganinta praziquantel, ana auna yaro kafin a ba shi. Saboda haka a Madarunfa ma, Baban Nana, ruwan na kallo ne.

Na uku masassarar cizon sauro, wadda ke tsananta daga Agusta zuwa Oktoba. Autanka yana cikin waɗanda ake ba maganin rigakafi na damina, wanda ma'aikata ke kira CPS. A ƙa'ida na ƴan wata 3 zuwa wata 59 ne, sau ɗaya a wata tun daga Yuli, kuma kowane zagaye kwana uku ne. Na ranar farko a gaban ma'aikaci ake sha, na rana ta biyu da ta uku uwa ce ke bayarwa a gida. Nan ake yin sakaci: an yi tafiya, an bar ƙwayoyin a kan taga, ko an raba wa wani yaro. In ba a cika kwana ukun ba kariyar ba ta kai wata. In ya yi amai cikin minti 30 da sha, a faɗa wa ma'aikacin. Mai shekara 5 ta wuce wannan ƙa'idar, ita da yayyenta sange ne kariyarsu. A cusa bakinsa ƙarƙashin katifa ko tabarma, a ɗinke duk huda, kuma hirar dare a tsakar gida ita ma a yi ta cikinsa. Duk yaron da jikinsa ya yi zafi a kai shi likita a yi gwajin yatsa a ranar, kada a fara da maganin ƴan tebur.

A jakar fita a sa gishirin zawo guda biyu. Fakiti ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ba a rabin lita ba, don in ya yi kauri ƙara zawon yake yi. Abin da ya kwana ya wuni a zubar. Ana haɗa shi da zinc na kwana 10 zuwa 14.

In tsawa ta fara kuna fili, ku bar bakin ruwa, kada ku fake ƙarƙashin itace guda da ke tsaye shi kaɗai, ku shiga mota ko ɗakin siminti. Katangar ƙasa da ta sha ruwa ma ba mafaka ba ce.

Alhaji na Sura Bildi:

Hajiya ta gama magana a kan ruwa. Ni kuma ina ganin ba sai an biya kuɗin mota za a ce an fita ba. Gona tana nan bayan gari, kuma yaron Maraɗi da bai san bambancin gero da dawa a tsaye ba an rage masa wani abu. In ba ka da ita, ɗan uwa ko maƙwabci yana da ita. A je da sassafe a dawo kafin rana ta take. Mai shekara 11 a ba shi ƙaramar hauya da kunya biyu nasa na kansa, kada a haɗa shi da manya a ce ya bi sahunsu, gajiya zai yi ya tsani abin. Matan su tsinki tafasa da yaɗiya a kawo gida a yi kwaɗo. Kowa da rufaffen takalmi saboda kunama da maciji, ba a sa hannu a rami ko ƙarƙashin tarin ciyawa, kuma gonar da aka yi wa feshi ba a shiga da yara sai an tambayi mai ita. A nuna musu gawo: duk itatuwa sun yi kore shi ya zubar da ganye, shi ya sa geron da ke ƙarƙashinsa ya fi kyau. A nuna musu sassaben zamani, yadda ake barin reshe biyu ko uku masu ƙarfi a kututture a sare sauran, aikin da ya bunƙasa a jihar nan tun shekarun 1980. A watan Satumba kuma a koma a gasa musu tumu.

Ranar 3 ga Agusta, ranar da ƙasa ta samu ƴancin kai a 1960, ita ce ranar dashen itace. Kowane yaro ya dasa nasa a gida. Rami santimita 40 faɗi da zurfi, a gauraya ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki, ɗanyen taki ƙona saiwa yake yi. A yanke ledar da reza a cire ta gaba ɗaya ba tare da ƙasar ta watse ba, mutane da yawa da ledar suke binnewa, saiwa ta nannaɗe, itacen ya tsaya cak. A danne ƙasa, a yi masa ɗan gurbi na riƙe ruwa, a kewaye da ƙaya, in ba haka ba akuya za ta gama da shi a yini ɗaya. Bedi yana da juriya, amma ga yaro zogale ya fi, don yana saurin nuna kansa: iri biyu a rami mai zurfin gaɓar yatsa, cikin mako biyu ya tsiro. Ba ya son inda ruwa ke kwanciya. In ya kai ƙugun yaro a tsinke kansa don ya yi rassa.

Baban Nana, Ali Ɗan Sofo:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Saura biyu. Kakarsu na son a kai mata manyan biyu ƙauye su yi wata guda, ko akwai abin da zan shirya? Sannan a Madarunfa, ana iya sa su a jirgin masunta su ɗan zaga?

Mushen Bagalam:

Jirgi dai a'a, in babu rigar kariya daga nutsewa daidai jikin kowane yaro. Jirgin masunta siriri ne, yaro ɗaya ya leƙa gefe ya isa ya karkata shi, kuma iskar da ke gaban hadari ba ta ba da lokacin komowa gaɓa.

In kana son fita ta biyu mai sauƙi, ka kai su fadar sarkin Maraɗi. Su ji yadda sarakunan Katsina suka dawo nan bayan jihadi, su ji sunan Ɗan Kasawa da Ɗan Baskore, su ji cewa a da garin a kwarin gulbi yake, sai ambaliyar 1945 ta sa aka hau tudu. Tibiri ma wajen kilomita 10 ce a kan kwalta, can fadar Sarkin Gobir take, zuriyar waɗanda suka baro Alƙalawa bayan faɗuwarta a 1808. Ba a faɗa wa fada kai tsaye, a fara gaida dogarai a ƙofa a faɗi abin da ya kawo ku, a cire takalmi inda aka ce, kuma a tambaya kafin a ɗauki hoto. Babbar kasuwa kuwa kada a kai ƙananan ranar Litinin ko Juma'a, cunkoson ya yi musu yawa. Babban shi kaɗai za ka iya riƙewa, ka ba shi dala 100 da jerin cefane ya yi ciniki ya kawo canji daidai. A gida kuma minti 30 na karatu da lissafi kullum bayan an dawo daga allo ya fi a tara musu kwana guda, musamman mai shirin shiga CM2, ajin ƙarshe na firamare. Da dare a karɓe waya, a bar su da dara, carafke da tatsuniya.

Hajiya Maman Halima, Zariya:

Zuwa wurin kaka abu ne mai kyau, a kai su. Amma su tafi da sangensu da igiyar ɗaure shi, kada a dogara da na can, wataƙila mutum uku ke kwana a ciki. A haɗa musu da Aquatabs, ƙwayar tsabtace ruwa, in ruwan rijiya ake sha: a tace ruwan da tsabtataccen ƙyalle in ya yi gauraye, a sa ƙwayar gwargwadon litar da aka rubuta a jikin fakitin, a rufe jarkar, a jira minti 30. Ka yi wa Inna bayanin tafki da bakinka cikin ladabi, don a ƙauye aiken yara wanki ko shayar da dabbobi a bakin ruwa abu ne na kullum, ba za ta ga laifinsa ba in ba a faɗa mata dalili ba. Ka san likitar da ta fi kusa da garin, ka bar kuɗin kabu-kabu a hannun wani babba mai waya, da sharaɗin in jikin yaro ya yi zafi a kai shi a ranar sannan a kira ka. In sun dawo, ka tambayi namijin launin fitsarinsa har zuwa watan Disamba, don kunya ba za ta bar shi ya faɗa da kansa ba.