A taimaka kafin ƙarfe 6: "city charter" da Hausa

Maman Hanif: Salamu alaikum 'yan gida. Ina fassara rahoto don shirinmu na yamma a nan Abuja, edita na tsaye a kaina. Kan birnin Portland ne na jihar Oregon a Amurka. A Nuwamban 2022 mutanen birnin suka kaɗa ƙuri'ar gyara takardar da ake mulkinsu da ita, wadda suke kira charter. A da mutum 5 ne a majalisa, magajin gari da kwamishinoni 4, kuma gari baki ɗaya ke zaɓensu. Yanzu an kasa birnin kashi 4, kowane kashi na turo mutum 3, 12 ke nan, aka yi zaɓen farko a Nuwamban 2024. Sunan takardar nake nema, da sunan kason nan.

Ɗan Kubwa: Kundin tsarin mulkin birni. Mazaɓa. An gama.

Anti Ladi: Ba a gama ba, ƙanina. Mai sauraro ya san kundin tsarin mulki na ƙasa ne, na 1999. Ƙananan hukumominmu ba su da nasu, sashe na 7 ya bar wa majalisun jihohi su yi musu doka. Ka ce birni ya gyara kundin tsarin mulkinsa, tsoho a Kuje zai ɗauka ɓallewa suka yi daga Amurka.

Malam Na Zariya: Kuna ta wahala alhali kalmar na hannunku. Shatar birni. Muna cewa shata iyaka, ko ba haka ba? Takardar nan aikinta ke nan: ta shata ikon magajin gari, ta shata na majalisa, ta shata yankunan zaɓe. Ga ma'ana, ga amo kusa da na Turancin. Na jima ina koya wa ɗalibaina ita.

Ɗan Kubwa: Ranka ya daɗe, shatar da na sani ita ce a cika bas da 'yan kai amarya daga Nyanya zuwa Keffi, direba ya karɓi kuɗin mai tukuna. "Mutanen Portland sun amince da sabuwar shata." Zuwa ina?

Malam Na Zariya: Waccan aro ce daga Turanci, tawa asalin Hausa ce. Laifin masu jin Hausar tasha ne, ba na kalmar ba.

Yaron Faringada: To fa, an zo wajen. Hausar tasha wai mu ake nufi, 'yan Jos da 'yan Abuja. Malam, mu ne dai ke kunna rediyon.

Malam Na Zariya: Ban ambaci kowa ba. Amma ku da ke cewa kansila da ciyaman ba ku da bakin gyara mini. Me ya sami wakilin unguwa?

Anti Ladi: Mai unguwa ne ya same shi, Malam. Da ka faɗa, rawani za a gani. Kansila ta zauna tun zamanin iyayenmu, a ƙyale ta.

Yaron Faringada: Kuma majalisa da hukuma a gonar Zazzau aka shuka su? Aro daga Larabci ilimi ne, aro daga Turanci lalacewa. Haka ne?

Malam Na Zariya: Yaro, majalisa ta fi kakanka daɗewa a Hausa.

Maman Hanif: Don Allah Yaya, Malam, saura minti 40. Mazaɓa ko gunduma?

Anti Ladi: Nan ne ma aikin yake. A Abuja ƙananan hukumomi 6 ne, mazaɓu 62, kowace mazaɓa kansila ɗaya. Kunnen mutanenmu ya saba da haka. Kika ce mazaɓu 4, lissafinsu zai ba su kansila 4, sai ki ce 12 su rikice. Gunduma kuwa hakimi take jawowa, 'yan Nijar masu kama tasharku kuma wani abin daban za su fahimta. Ki ce shiyya: shiyya 4, kowace da kansila 3. Sai ki ƙara jimla ɗaya kan dalili, cewa a tsohon tsari unguwannin gabashin birnin sun daɗe suna kukan ba a cika samun nasu a majalisa ba.

Ɗan Kubwa: Shiyya ta yi wa unguwanni girma, Anti. Arewa maso yamma ma shiyya ce.

Anti Ladi: Kawo wadda ta fi ta.

Ɗan Kubwa: Ba ni da ita.

Maman Hanif: Ga abin da na rubuta: "Mazauna Portland sun amince da gyara kundin mulkin birninsu, aka raba shi shiyya 4, kowace na zaɓen kansila 3." Na cire "tsarin" don kada ya yi kama da na ƙasa. Edita ya ɗaga kai, ya ce a tafi da shi a yau, gobe a sake zama kan shiyya.

Malam Na Zariya: Kundin mulki ba laifi, don sauri. Amma a ajina shatar birni za a ci gaba da rubutawa.

Yaron Faringada: Nawa ne kuɗin kujera, Malam?