Tallafi ne ko toshiyar baki?

Ɗan Sharada: Jama'a a yi min afuwa, yau na kai bango. Shekarata shida a wani kamfanin robobi, har gobe ina matsayin na wucin gadi. Makon jiya ciyaman ɗin ƙungiyarmu da manaja suka tafi bita ta kwana uku a otal, wai ta haɗin gwiwar ma'aikata da masu kamfani, aka ce mana gwamnati ce ta ɗauki nauyi. Suka dawo da jaka iri ɗaya da hula iri ɗaya, suna tafawa. Mu kuwa albashinmu bai kai mafi ƙarancin albashi na dubu 70 ɗin da Tinubu ya sa wa hannu a Yulin 2024 ba. Ni na ce duk kuɗin da gwamnati za ta ba ƙungiyar ƙwadago don ta zauna lafiya da mai kamfani, toshiyar baki ce. In baki ya ci, ido ke jin kunya.

Kwamared Na Gaba: Malam, janye kalmar toshiya. Toshiya a ambulan ake ba da ita, bayan isha'i. Motocin bas 64 masu aiki da gas da gwamnatin tarayya ta miƙa wa ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC da ƙungiyar ɗalibai a Satumbar 2024, da rana tsaka aka yi, gaban 'yan jarida. Wannan tallafi ne.

Maman Biyu: Kwamared, kayan toshi ma da rana tsaka ake kai su gidan budurwa, unguwa duk tana kallo. Amma ko yaro ya san abin da saurayin ke nema.

Malamin Nahawu: Hajiya, kin haɗa abu biyu. Toshi daban, toshiya daban. Toshi kyautar neman aure ce, al'ada ta yarda da shi. Toshiya kuwa daga toshewa ta fito, a cusa abu a kafa don kada wani abu ya fita.

Maman Biyu: To Malam, shi toshin daga ina ya fito? Daga buɗewa?

Malamin Nahawu: Ba a yin nahawu da gatse.

Direban Kurna: Ni kalmar tallafin ce ma ta tsaya min a wuya. Ba an ce tallafi ya tafi tun 29 ga Mayun 2023 ba? Ashe ga talaka kawai ya tafi, ya koma otal.

Alhaji Bronx: Ku bari in faɗa muku yadda ake yi a nan Amurka. Akwai hukumar sasanci ta tarayya, FMCS, tun 1947. A 1978 aka yi doka da ta ba ta damar ba da kuɗi ga kwamitocin haɗin gwiwa. Kwamiti dokar ta ce a ba, mai wakilan ma'aikata da na kamfani a ciki, ba shugaban ƙungiya shi kaɗai ba. Sai sun rubuta abin da za su yi da kuɗin, kamar rage haɗari a wurin aiki ko horar da masu sasanta ƙorafi, kuma su kawo rahoto. Laifin ba na tallafi ba ne, na rashin lissafi ne.

Direban Kurna: Alhaji, kai da ka tsere ka bar mu da NEPA, ba ka da bakin magana a nan.

Alhaji Bronx: Ni ɗan Zongon Kumasi ne, ban taɓa biyan NEPA ba.

Direban Kurna: To ka ga ma abin bai shafe ka ba ke nan.

Mai Injin Niƙa: Kowa na zagin mai kamfani, ba wanda ya tambayi nawa yake biyan wuta. A Afrilun 2024 aka mayar da kuɗin wutar 'yan rukunin A, masu samun wuta mafi yawa, naira 225 kowane yunit. Da me zai biya dubu 70? Kuma dokar ma ta cire duk wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba. In ba a zauna an fahimci juna ba, rufewa za a yi kowa ya rasa.

Ɗan Sharada: Yallaɓai, mun haura ɗari biyu a kamfaninmu. Kuma ni ba zaman nake ƙi ba. Wa ya biya kuɗin zaman, shi ne tambayata.

Kwamared Na Gaba: Zaman ne ai ya kawo dubu 70 ɗin da kake nema. Kwamiti ne mai mutum 37, gwamnati da ƙwadago da masu kamfanoni irin su ƙungiyarsu ta NECA, Bukar Goni Aji na shugabanta. Gwamnati ta fara da tayin dubu 48.

Maman Biyu: Ku kuma kuka fara da dubu 615 kuka sauka a 70. Ko cinikin atamfa a Kantin Kwari ba a irin wannan ragin.

Baba Mai Fansho: 'Ya'yana ku saurara. Ni a masaƙar Kakuri na yi aiki. Naira 125 ta mafi ƙarancin albashi na farko da aka samu a 1981, zamanin Shagari, yajin aikin gama-gari ne ya kawo ta, shugaban NLC Hassan Sunmonu na gaba. Ba wanda ya ba mu jaka. Ta 2024 ɗin ma sai da aka kashe wutar ƙasa baki ɗaya ranar 3 ga Yuni kafin magana ta motsa. Ƙungiya da kuɗin da ake yanka a albashin 'ya'yanta ya kamata ta rayu. Babangida ya rushe shugabancin NLC a 1988, Abacha ya maimaita a 1994. Hannun da ya miƙo maka, shi ke da ikon janyewa. Mu masaƙarmu ta KTL ta rufe a 2002, wasu abokaina har suka koma ga Allah suna jiran haƙƙinsu.

Direban Kurna: Allah ya ji ƙansu, Baba. Amma ai daga ƙungiyarku ta masaƙa Oshiomhole ya fito. Daga kakin ƙwadago sai gidan gwamnatin Edo, sai shugabancin APC, yanzu majalisar dattawa.

Kwamared Na Gaba: Haramun ne ɗan ƙwadago ya ci zaɓe? Ko don ba jar hula ya saka ba?

Direban Kurna: Kar ka taɓo jar hula, Kwamared. Ba da ita muka zo ba.

'Yar Tudun Wada: Ku Kanawa komai sai kun mai da shi siyasar Kano. Kaduna ce cibiyar masaƙu a Arewa, mu muka san zafin rufe kamfani.

Mai Injin Niƙa: Zo ki zaga Bompai da Challawa ki ƙirga ƙofofin da ciyawa ta cinye, sannan ki yi magana.

Malamin Nahawu: Ina nan kan bakana, toshi ba toshiya ba ne.

Ɗan Sharada: Don Allah wani ya amsa min: ciyaman da ya kwana uku a otal ɗaya da manaja, zai iya kiran yajin aiki?

Shugaban Zaure: To, dare ya yi, zan rufe. Abin da na fahimta: akasarin 'yan zaure sun yarda tallafin gwamnati ga haɗin gwiwa abu ne mai kyau, kamar yadda Kwamared ya kawo hujja da alƙaluma, Alhaji kuma ya tabbatar daga Amurka. Baba ya ba mu tarihi, mun gode, sai dai zamani ya sauya. Kalmar toshiya ba ta dace ba, masanin harshe ma ya faɗa. Ɗan Sharada ya kai kukansa ofishin ƙungiya ta hanyar da ta dace. Ni ma na halarci irin wannan bitar sau biyu, ban ga an toshe bakin kowa ba.

Maman Biyu: Ranka ya daɗe, jakar taka wace kala ce?