Landan zuwa New York awa nawa ne a jirgi? Tikitin nan ya rikita ni

Uwar_Biyu:
Salam 'yan uwa, dan Allah masu sani ku taimaka min. Yarona ne zai tashi daga Landan zuwa New York wata mai zuwa, ya turo min hoton tikitinsa a waya, tun jiya nake ta dubawa na kasa gane kansa. Tafiya an rubuta tashi ƙarfe 10 na safe sauka 1 na rana, awa uku kenan, amma dawowa tashi 7 na yamma sai 7 na safe zai sauka, awa goma sha biyu cur! Hanya ɗaya ce fa, ko kuskure suka yi ne? Wlh hankalina bai kwanta ba.

Matafiyi:
Wa'alaikissalam Hajiya, kwantar da hankalinki babu kuskure. Lokacin tashi da na sauka kowanne da agogon garinsa ake rubutawa, kuma Landan tana gaban New York da awa 5. Sanda zai sauka 1 na rana, a Landan 6 na yamma ce, kinga awa 8 zai yi a sama. Dawowa ki cire biyar cikin sha biyu, saura 7. Nisan kusan kilomita 5,500 ne.

Uwar_Biyu:
Alhamdulillah na gane, Allah ya saka. To amma me ya sa dawowa ta fi sauri da awa guda?

Dalibi:
inaga juyawar duniya ce, ƙasa ke matsowa ta tari jirgin

Injiniya:
A'a ƙanena, ai iskar da jirgin ke ciki tare da duniyar take juyawa. Abin da ke faruwa shine can sama wajen kilomita 10 akwai wata iska mai ƙarfin gaske da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas, lokacin sanyi gudunta har yakan wuce kilomita 300 a awa, shi kuma jirgi wajen 900 yake yi, to in zai je Amurka gaba da gaba suke da ita sai matuƙa su kauce mata, in zai dawo kuwa shiga cikinta suke ta tura su. A Fabrairun 2020 da aka yi wata babbar guguwa jirgin British Airways ya zo Landan daga New York cikin awa 4 da minti 56 kacal.

Kuma Hajiya ki ce masa ya kalli taswirar ɗan talabijin ɗin da ke bayan kujera, zai ga layin ya lanƙwasa ya yi arewa ta gefen Kanada, kar ya ɗauka zagaye ne. Duniya kamar ƙwallo take, ki ja zare a kan ƙwallo ki gani, nan ce hanya mafi kusa.

Uwar_Biyu:
Nagode sosai malam. Tunda 6 na yamma agogon Landan zai sauka, zan ƙara masa awa guda na layin fasfo da ɗaukar kaya kafin na kira shi.